Hannun da Ba Ya Jin Kwaɓa: Tsigar Gashi, Ƙwaƙular Fata da Neman Asalinsu a Ƙwayoyin Gado

Hausa ba ta yi talaucin sunayen abubuwan da ke raba mutum da gashinsa ba. Akwai sanƙo da kan riski maza idan shekaru sun ja, akwai makero da ke cin kan yara ya bar musu da'ira, akwai amosanin kai, akwai kuma zubewar gashin goshi da matsattsen kitso kan jawo wa mata. Kowanne yana da sunansa da wanda ake kai wa ƙararsa, ko wanzami ko mai magani ko ɗan kemis. Sai dai akwai wata larura da harshen bai raɗa wa suna ba: wadda mutum da hannunsa yake tsige gashin kansa, ko girarsa, ko gashin idonsa, sili-sili, yana son ya daina amma ya kasa. Tana da 'yar'uwa ta jini, wato ƙwaƙular fata, inda mutum ke ɓantarar ƙurji ko ɓawon miki ko lafiyayyar fata har ta yi rauni, raunin ya soma warkewa ya sake komawa kansa.

Fiye da shekara ashirin ke nan masana a Amurka da Ingila da Afirka ta Kudu suna neman tushen waɗannan larurori biyu a cikin ƙwayoyin gado, wato rubutun halittar da ɗa ke karɓa daga uwa da uba a cikin DNA. Abin da suka gano ya isa ya wanke masu larurar daga zargin iskanci ko rashin tarbiyya. Abin da ya rage musu kuwa ba zai samu ba sai an tara dubban mutane daga al'ummomi mabambanta, kuma a wannan taron har yanzu kujerar Afirka kusan wayam take.

Yadda larurar take

Wani likitan fata ɗan Faransa, François Henri Hallopeau, shi ya ƙirƙiro mata suna a 1889 bayan ya duba wani saurayi da ya tsige gashin jikinsa. Ya haɗa kalmomin Girkanci uku masu nufin gashi, tsiga da hauka, ya samar da kalmar tirikotilomaniya. Kalmar hauka da ke cikin sunan ta zalunci masu larurar, domin hankalinsu garau yake: suna karatu, suna kasuwanci, suna riƙe gida. Sai a 1987 ta shiga kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka. Ƙwaƙular fata kuwa ta jira har 2013 kafin bugu na biyar na kundin, DSM-5, ya ba ta gurbinta, ya kuma ajiye su biyun a dangin larurar waswasi da maimaita aiki, wadda likitoci ke kira OCD. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-11, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, ya haɗa su ƙarƙashin inuwa ɗaya.

Yawanci tsigar gashi kan fara ne tsakanin shekara 10 zuwa 13, daidai ƙofar balaga. Salonta biyu ne, kuma sau da yawa sukan haɗu a mutum ɗaya. Akwai wadda hannu ke yi shi kaɗai, mai shi na karatu ko sauraron rediyo ko jiran barci, bai farga ba sai ya ga gashi a cinyarsa. Akwai kuma wadda ake yi da sani: wani ƙunci ya taru a ƙirji, ko yatsa ya ci karo da wani sili mai kaushi da ya fita daban, a tsige shi, a ji sanyi na ɗan lokaci, sannan kunya da nadama su biyo baya. Wasu kan tauna saiwar gashin ko su haɗiye shi. Da yake ciki ba ya narkar da gashi, yakan dunƙule a tumbi har sai an yi tiyata an fitar.

Wani bincike da Jon Grant na Jami'ar Chicago da abokan aikinsa suka wallafa a 2020, wanda ya tambayi manya 10,169 a Amurka, ya samu kashi 1.7 cikin 100 suna fama da tsigar gashi, kashi 2.1 kuma da ƙwaƙular fata. Ya kuma nuna cewa a tsigar gashi maza da mata kusan kunnen doki suke, duk da cewa mata ne suka fi cika asibiti. Namiji kan aske kansa ƙwal ya rufe zancen.

A ɗauki Gayam, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Birnin Gwari a yammacin jihar Kaduna. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutane fiye da 250,000. Alƙaluman Amurka ba lallai su dace da ƙasar Hausa daidai wa daida ba, amma ko da mutum ɗaya ne cikin ɗari, ana maganar mutane 2,500 ke nan a ƙaramar hukuma ɗaya, bisa ƙidayar da ta tsufa. A ƙaddara yarinya mai shekara goma sha biyu a irin wannan gari, wadda tsakiyar kanta ta soma faɗawa. Ɗankwali da hijabi za su rufa mata asiri wata da watanni. Ranar da aka gano, uwa za ta fara da kwaɓa, ta koma duka, a shafa mata maɗaci a yatsu ko a yi mata aski. Idan abin ya ƙi, sai fassara ta sauya: shafar aljanu ce, ko sammu ne daga gidan kishiya, ko kambun baka. A kai ta wurin ruƙiyya, a sha rubutu, a yi hayaƙi. Duk wanda ke cikin wannan hidima da kyakkyawar niyya yake yi. Abu ɗaya ne ba wanda zai faɗa mata, shi ne cewa akwai miliyoyin irinta a duniya, kuma larurarta tana da suna a littafin likita.

Shaidar tagwaye da ta ɓeraye

Bahaushe ya daɗe da sanin gado, shi ya sa ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma 'yan gida ɗaya sun yi tarayya a jini, sun kuma yi tarayya a tukunya da tarbiyya da fargaba, don haka ganin hali ɗaya a uwa da 'ya bai isa hujja ba. Hanyar da masana ke bi su raba tasirin jini da na gida ita ce tagwaye. Hasana da Husainar da suka fito daga ƙwai ɗaya kusan dukan ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne. Waɗanda suka fito daga ƙwai biyu kuwa rabi suka haɗa, kamar ya da ƙanwa. Dukansu gida ɗaya suka tashi. Idan larura ta fi haɗa tagwayen ƙwai ɗaya, to jini yana da hannu.

A 2009 wani bincike kan tagwaye 34 bibbiyu ya samu cewa a tagwayen ƙwai ɗaya, idan ɗaya na tsigar gashi, a kusan 38 cikin 100 ɗayan ma yana yi. A tagwayen ƙwai biyu ba a samu ko ɗaya da suka haɗu a kai ba. Adadin ya yi ƙanƙanta, don haka aka jira wanda ya fi shi. A 2014 Benedetta Monzani da abokan aikinta a Landan suka duba mata tagwaye sama da 5,000 daga rajistar tagwayen Birtaniya, suka ƙiyasta rabon gado da kusan kashi 32 cikin 100 a tsigar gashi, da kusan kashi 47 a ƙwaƙular fata. Ma'anar wannan adadi tana bukatar kula. Yana bayyana yawan bambancin da ke tsakanin mutane a cikin al'umma wanda gado ke da alhakinsa, ba ya auna larurar mutum ɗaya. Kuma ko a tagwayen ƙwai ɗaya, mafi yawan lokuta ɗaya na yi ɗaya ba ya yi. Gado kan tsaga bango ne kawai, sai rayuwa ta kawo ƙadangaren da zai shiga.

Shaida ta biyu daga ɓeraye ta zo. Mario Capecchi na Jami'ar Utah, wanda ya samu kyautar Nobel a 2007 saboda dabarar kashe ƙwayar gado guda a jikin ɓera don a ga aikinta, ya wallafa a 2002 tare da Joy Greer cewa ɓerayen da aka lalata musu ƙwayar Hoxb8 kan dinga lasa da gyaran jikinsu fiye da ƙima, har gashi ya zube fata ta yi miki. A 2010 ɗakin gwajinsa ya zo da abin mamaki: da aka dasa wa waɗannan ɓeraye ɓargon lafiyayyun ɓeraye, sai halin ya lafa. Wannan ya karkata hankalin masana zuwa ga wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke zaune a ƙwaƙwalwa, waɗanda a da ake ɗauka masu shara ne kawai. A 2007 kuma masu bincike a Jami'ar Duke suka kashe wata ƙwayar, Sapap3, wadda ke aiki a mahaɗar jijiyoyin sashen ƙwaƙwalwa mai kula da ɗabi'un da ake maimaitawa. Ɓerayen suka dinga sosa fuskarsu har ta ɗaye, ga kuma alamun fargaba. Da aka maido da ƙwayar a wannan sashe, suka daidaita.

Darasin da ke nan shi ne, gyaran jiki tsohon shiri ne a ƙwaƙwalwar dabbobi: kyanwa na lasa, kaza na gyara fuka-fukanta, biri na duba ɗan'uwansa. Shirin yana da makunni yana da makashi. Masana da dama na kallon tsigar gashi da ƙwaƙular fata a matsayin wannan shiri ne da makashinsa ya yi rauni.

Dalilin da ya sa likita ɗaya bai isa ba

Samun irin wannan shaida a jikin ɗan Adam ya fi wuya. A 2006 masu bincike a Duke suka duba iyalai 44 da ke da mai tsigar gashi, suka samu sauyi a ƙwayar SLITRK1, wadda shekara guda kafin nan aka danganta da larurar Tourette mai sa gaɓɓai motsi ba da niyya ba. An yi murna, amma sauyin ya shafi ɗan ƙaramin kaso ne na waɗanda aka gwada. Aka yi ta irin waɗannan ƙananan bincike, kowa ya zaɓi ƙwayar da yake zargi ya gwada mutum hamsin ko ɗari, sakamakon wannan ya saɓa da na wancan.

Mai karatu Bahaushe ya san cutar gado ta hanyar sikila, musamman tun da jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a 2024. Sikila ƙwaya ɗaya ce da sauyi ɗaya, shi ya sa takarda guda ke iya cewa AA ko AS ko SS. Larurorin ɗabi'a ba haka suke ba. Ɗaruruwa ko dubban ƙananan sauye-sauye ne ke taruwa, kowanne nauyinsa bai wuce na ƙwayar gero a cikin mudu ba. Wanda ke son ya gane wace ƙwayar gero ce ke karkata sikeli dole ya auna mudu dubbai. Wannan ne ya tilasta wa masana, waɗanda a al'ada kowa ke ɓoye kayansa yana gasa da ɗan'uwansa, su yarda cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A 2007 aka kafa babbar haɗakar binciken ƙwayoyin gado na cututtukan ƙwaƙwalwa, PGC, inda ɗaruruwan masana daga ƙasashe masu yawa ke zuba bayanansu a rumbu ɗaya. Cutar sikizofireniya ta nuna amfanin haka. A 2014, da aka tara masu cutar kusan 37,000, an gano wurare 108 a cikin DNA da ke da alaƙa da ita. A 2022, da adadin ya haura 76,000, wuraren suka kai 287. Waswasi, wanda ya fi kusa da larurorin da ake magana a kansu, ya daɗe ba a samu komai ba, sai a 2025 da aka haɗa masu larurar sama da 53,000 aka gano wurare 30. Idan aka kwatanta, binciken da ya leƙa ɗaukacin DNA na masu tsigar gashi a 'yan shekarun nan mutane kimanin 100 ya ƙunsa, kuma kamar yadda aka zata bai kai ga nuna wuri guda da tabbaci ba.

Abin lura shi ne, masu larurar da kansu ne suka tura wannan mota. A 1991 wata Ba'amurkiya, Christina Pearson, wadda ta shafe shekaru tana tsigar gashi a ɓoye, ta kafa ƙungiyar da daga baya ta zama Gidauniyar TLC a Kalifoniya. Gudummawar iyalai ce ta ɗauki nauyin shirin haɗin gwiwa da ya haɗa Jami'ar Chicago, Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, Babban Asibitin Massachusetts mai alaƙa da Harvard, da Jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu. Cibiyoyin sun amince su yi tambayoyi iri ɗaya, su ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da jini bisa tsari ɗaya, domin a iya haɗa sakamako. A 2021 suka wallafa cewa masu tsigar gashi sun kasu rukuni uku, masu ƙwaƙular fata kuma biyu, gwargwadon abin da ke ingiza su: wasu tsananin jin abu a fata, wasu rashin farga, wasu gaggawa da son komai ya zama daidai. A Jami'ar Yale kuma ana tattara yawun yaro da na iyayensa biyu, domin a gano sabbin sauye-sauyen da suka ɓulla a jikin ɗa alhali babu su a jikin uwa da uba.

Taswirar da ta manta da Afirka

Rumbun da ake tarawa yana da babban giɓi. Wani nazari da masanin Najeriya Segun Fatumo ya jagoranta, wanda ya fito a 2022, ya nuna cewa kashi 86 cikin 100 na mutanen da aka yi irin wannan bincike a kansu 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa kashi 1.1. Babban binciken waswasi na 2025 a kan 'yan asalin Turai aka yi shi. Hatta binciken farko na ƙwayoyin gadon tsigar gashi da aka yi a Stellenbosch a 2006, a ƙasar Afirka, fararen fata ya duba.

Asarar ta shafi ɓangare biyu. Ma'aunin haɗari da aka gina da bayanan Turawa yakan yi rauni sosai idan aka ɗora shi a kan Ba'afirke, don haka duk wani gwaji ko zaɓin magani da zai fito daga wannan ilimi zai fi yi wa waɗanda aka auna aiki. Kimiyyar kanta ma tana asara. Ɗan Adam a Afirka ya fi daɗewa, saboda haka bambancin ƙwayoyin gado ya fi yawa a nan fiye da ko'ina. Shirin H3Africa, wanda hukumar binciken lafiya ta Amurka da gidauniyar Wellcome suka ɗauki nauyi, ya wallafa a 2020 cewa daga mutane 426 kacal na ƙabilu 50, ciki har da Birom na Filato, an samu sauye-sauye sama da miliyan uku da ba a taɓa rubutawa ba. Akwai kuma fa'idar fasaha: a jikin 'yan Afirka, sassan DNA da ake gada a dunƙule sun fi gajarta, wanda ke taimaka wa mai bincike ya matso kusa da ainihin sauyin da ke da laifi maimakon ya tsaya a unguwarsa.

Ƙasar Hausa tana da abin da masu wannan fanni ke nema ruwa a jallo: manyan iyalai, 'yan uba da 'yan ɗaki a gida ɗaya, auren zumunci, da dattawan da ke iya jero nasaba kaka da kakanni. A irin wannan gida, sauyin da ba kasafai ake gani ba yakan bayyana sau da yawa har a bi sawunsa. Amma babban shirin da ya tattara dubban samfura don binciken cututtukan ƙwaƙwalwa a Afirka, NeuroGAP, a Habasha, Kenya, Yuganda da Afirka ta Kudu ya yi aiki. Yammacin Afirka ba ya ciki.

Tazarar da ke tsakanin Gayam da ɗakin gwaji

Kafin yawun mutumin Gayam ya isa kowane rumbu, akwai shingaye uku, kuma ba na'ura ce ta farko a cikinsu ba.

Na farko suna ne. Binciken gado yana farawa da rarrabe mai larura da marar ita, kuma ana yin haka da tambayoyi. Tambayar da aka rubuta da Ingilishi don ɗalibar Boston ba za ta yi aiki a zauren Gayam ba sai an mayar da ita Hausa, an gwada ta, an tabbatar tana bambanta tsiga da makero da ɓarnar kitso. A nan akwai darasi daga Amurka. A 2000 Angela Neal-Barnett ta Jami'ar Kent State ta binciki tsigar gashi a tsakanin baƙaƙen fata ta hanyar masu gyaran gashi, domin su ne ke ganin abin da ake ɓoye wa likita. A ƙasar Hausa mai kitso ce ke ganin kan mace tsirara, wanzami kuma na namiji. Mai kitson da ta shekara ashirin tana tsaga ta san bambancin gurbin da cuta ta ci da wanda ke ɗauke da gajerun gashi masu tsawo daban-daban, alamar hannu ne ya yi aiki.

Na biyu hanya ce. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutane sama da miliyan 200. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna yana da nisan kilomita fiye da 100 daga Birnin Gwari, a kan titin da ya shafe shekaru yana cikin mafiya haɗari a ƙasar. Dajin da ya haɗa da gandun Kamuku ya zama maɓoyar 'yan bindiga, an kashe gommai a Gwaska a Mayun 2018, ƙauyuka sun tashi, makarantu da asibitocin karkara sun rufe. Sulhun da Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya ƙaddamar a Nuwamban 2024, wanda ya sa aka sake buɗe kasuwar shanu, ya kawo sauƙi. Sai dai yaran da suka balaga cikin waɗannan shekaru da ƙarar bindiga suka tashi. Fargaba ba ita ke ƙirƙirar larurar ba, amma sananne ne cewa damuwa da zaman jugum suna hura ta. Mai son fahimtar yadda gado da wahalar rayuwa ke haɗuwa ba zai samu amsar a unguwannin kwanciyar hankali kaɗai ba.

Na uku, wanda ya fi sauran tsayi, amana ce. A al'adar Hausa gashi da farce ba abin yasarwa ba ne. Mace kan tattara abin da ya zuba a mataji ta binne ko ta ɓoye, don gudun kada ya faɗa hannun mai sammu. Baƙon da ya zo da kwalba yana neman yawu ko jini, musamman a kan larurar da tun farko ake dangantawa da asiri, dole ya yi bayani mai gamsarwa. Tarihi ma bai taimaka masa ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200, 11 suka rasu, aka kuma shafe shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abubuwan da suka ƙarfafa ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ƙa'idojin da za su hana maimaita haka suna nan a rubuce. Najeriya tana da kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya da kundinsa na 2007, H3Africa kuma ta kafa sharuɗɗan cewa masanan Afirka su jagoranci aikin, a ajiye samfura a nahiyar, a kuma tuntuɓi al'umma tun kafin a fara. A aikace wannan na nufin takardar yarda da Hausa, da boko da ajami, a karanta wa wanda ba ya karatu. Yana nufin a faɗa wa mutum inda yawunsa zai je, wa zai gani, da yadda zai janye idan ya sauya ra'ayi. Yana nufin a bi ta masarauta da limamai da ungozoma, kuma jami'o'in yankin, irin su Ahmadu Bello da asibitinta na Shika ko Bayero da asibitin Malam Aminu Kano, su zama masu riƙe da mabuɗin rumbun. Akwai kuma haɗarin da ya keɓanta da al'ummar da ake binciken asali kafin aure: kalmar gado na iya zama tambari a kan dangi, a ce gidan su wance akwai taɓin hankali. Don haka wajibi ne a riƙa maimaita cewa wannan ba sikila ba ce, babu gwajin jinin da ke nuna ta, kuma ba dalilin fasa aure ba ce.

Abin da ba ya jiran sakamakon bincike

Taimako ya riga binciken gado isowa. Tun 1973 Nathan Azrin da Gregory Nunn suka fito da horon juya ɗabi'a, wanda har yau shi ne ya fi ƙarfin hujja. Ana koya wa mutum ya lura da lokaci da wuri da yanayin da hannunsa ke tashi, ya gane alamar farko, sannan ya ba hannun wani aikin da ba zai haɗu da tsiga ba na kamar minti ɗaya, ya dunƙule shi, ko ya riƙe carbi, ko ya zauna a kai, har sha'awar ta wuce. Ana kuma sauya muhalli: a rufe kai lokacin karatu, a naɗe yatsa, a nisanci madubi da hantsaki. Iyali kan koyi tunatarwa cikin taushi. Ba ya bukatar na'ura ko lantarki, kuma ma'aikacin lafiya na matakin farko zai iya koyon tushensa.

Ta fuskar magani, gwajin 2009 a kan manya 50 ya nuna kashi 56 cikin 100 na waɗanda suka sha sinadarin NAC sun samu sauƙi, idan aka kwatanta da kashi 16 na waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta. Gwajin 2013 a kan yara bai nuna wannan amfani ba. A 2023 wani gwaji a kan manya 100 ya samu kyakkyawan sakamako da maganin memantine. Dukan magungunan biyu suna taɓa sinadarin gulutamet, wanda shi ne ke aiki a mahaɗar jijiyoyin da ɓerayen Duke suka nuna, kuma dukansu sai da shawarar likita.

Akwai kuma nauyin da malamai za su iya saukewa. Mace mai tsige girarta takan ɗauka ta faɗa cikin hanin da ya zo a hadisi game da cire gira don ado, sai ta haɗa kunyar jama'a da tsoron zunubi. Bambancin mai yi don kwalliya da wadda larura ta rinjaya abu ne da fiƙihu ya saba da shi a babin waswasi, kuma jin haka daga bakin malamin unguwa zai fi kowace takardar asibiti tasiri.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta yi alkawarin shigar da wannan fanni cikin asibitocin matakin farko. Idan alkawarin ya isa Gayam, ma'aikacin da ya iya gane tsigar gashi ya kuma koyar da horon juya ɗabi'a shi ne zai fara rubuta sunaye a rajista. Daga wannan rajista ne adadi zai fito, kuma iyalan da suka ga 'yarsu ta samu sauƙi a hannunsa su ne za su saurare shi ranar da ya zo da kwalbar yawu.